Tayelolu Ta Samu Lamba

Shekara talatin da biyar Kehinde Ojelabi ya yi yana aiki a gidan adana kayan fasaha na jami'armu, mafi yawansu da makullin sito a aljihunsa, har sunansa ya ɓace a bakin mutane, kowa Baba Sito yake ce masa. Gajeren mutum ne, ba shi da yawan magana. Ko kofin shayi ka miƙa masa da hannu biyu zai karɓa, ɗaya a ƙasa ɗaya a gefe, don aikin ya riga ya shiga jikinsa. A duk shekarun nan ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Matsalarsa ba ragi ba ce, ƙari ne, kuma ƙarin ya zo ya tsaya masa a wuya ana saura wata uku ya yi ritaya.

A Okeho aka haife shi, ɗan tagwaye ne. 'Yar'uwarsa Tayelolu ce ta fara fitowa, shi ya biyo baya, kuma har ya tsufa bai daina cewa shi ne babba ba, don a wajenmu kowa ya san na bayan ne ke aiken na farko ya je ya ɗanɗano masa duniya. Suna da shekara uku ƙyanda ta shigo unguwarsu. Shi ya tashi, ita ta tafi Legas sayen zane. Haka ake faɗa a wajenmu. Ba a furta ɗayar kalmar a kan ɗan tagwaye, wanda ya furta ta kuwa iyayensa ake zagi. Uwarsu ta je wajen Adigun masassaƙi na unguwar Isemi, ya sassaƙa mata ibeji, 'yar siffar itace da ke zama a madadin wadda ta yi tafiya. Tsawonta bai fi taki ɗaya ba, da tsaga uku-uku a kumatu irin ta gidansu, da 'yar jigida a ƙugu.

Tun daga ranar duk abin da aka yi wa Kehinde sai an yi wa Tayelolu. In an yi masa wanka a yi mata, in an ɗinka masa riga a ɗinka mata da ƙyallen da ya rage. Ranar Alhamis uwar ta dafa wake da manja, ta wanke ta, ta shafa mata mai, ta sa mata bula a ka, ta dangwala mata wake a baki, sauran kuma Kehinde ya cinye. Shekara talatin da shida babban yatsan uwar yana bin fuskar nan, har hanci ya kusa shafewa, tsagar ma sai ka matso za ka gan ta. Yaron da ya tashi a haka ba ya ganin itace in ya dube ta.

Da shara ya fara a jami'a. Farfesa Olumuyiwa, wanda ya kafa gidan, tsoho ne mai faɗan tsiya da ke yawo ƙauyuka da tsohuwar motarsa yana tattaro ƙofofin sassaƙa da fuskokin rawa da zannuwan rini da tukwane. Wata rana ya shigo ya tarar da mai shara yana gyara wa wata sassaƙa zama, ya tallafo ta ta ƙasa maimakon ya cafko ta ta wuya yadda ɗalibansa masu digiri ke yi. Ya wuce abinsa, don yabo ba ya cikin abincinsa. Kafin shekara ta zagayo makullin sito yana hannun Kehinde. Farfesa ya koya masa sha'anin kati: kowane abu da lambarsa, kowace lamba da katinta a aljihun kabad, da inda aka samo shi da shekarar. Da wani baƙo ya taɓa ficewa da ƙaramin kan tagulla a cikin jaka, Kehinde da bakinsa ya kawo shawarar mai gadi ya riƙa bincikar jakar duk mai fita, a fara da tasa.

A kanta ta uku akwai ibeji arba'in a jere. Wajen dillalai aka saye su, irin waɗanda ke bi gida-gida suna karɓa daga hannun jikokin da suka koma coci ko masallaci suka rasa yadda za su yi da kayan kakarsu. Katunansu duk kusan abu ɗaya suke faɗa: masassaƙi, ba a sani ba, mai shi, ba a sani ba. Kehinde yakan kaɗe musu ƙura da tattausan burushi, kuma bai taɓa wuce kantar nan da safe bai gaishe su ba.

Ya auri Aduke, suka haifi Bose da ƙannenta biyu, ta zama Iya Bose. Mace ce mai aiki kamar ba gobe, tana da shagon atamfa a kasuwar bakin jami'a, kuma babba ce cikin matan cocinsu. Shi ma yana zuwa cocin, ya zauna a layin baya, ya yi amin inda ake amin. Zamansu lafiya lau har shekarar da uwarsa ta rasu, ya dawo daga Okeho da wani ƙunshi a hammata.

"Mene ne wannan a cikin zanen Mama?" in ji Iya Bose tun daga bakin ƙofa.

"Tayelolu ce."

"Baba Bose, dube ni da kyau. Ni da na tsaya gaban jama'a na ƙona layun ubana, ni za a shigo wa da gunki gida? In ce wa matan coci me?"

"Ba gunki ba ce, Aduke. 'Yar'uwata ce."

"To 'yar'uwarka ta nemi masauki. Nan dai ba ta kwana biyu."

Ba muguwar mace ba ce, tsoron Allah ne ya zo mata ta wannan hanyar, ga kuma tsoron bakin mata, wanda a wasu ranakun ya fi na farko ƙarfi. Shi kuwa ba mutumin gardama ba ne. Washegari ya sa Tayelolu a jakar abincinsa ya tafi aiki. Mai gadi mai fita yake bincika, ba mai shiga ba. Ya buɗe sito, ya ɗan matsa wa biyu a kanta ta uku, ya tsayar da ita a tsakiyarsu. A ganinsa ya yi dabara: ɗan tagwaye ba ya son kaɗaici, ga shi ya samar mata abokan hira arba'in, ga rufi mai kyau, ga shi kuma kullum yana nan.

Daga makon nan ya ce wa Iya Bose yana son wake ranar Alhamis. Ta dube shi, don ta san wake ƙwarnafi yake sa shi. Ta riƙa dafawa tana zubawa a wani ɗan ƙaramin kwano mai murfi, daban da kwanon abincinsa. Da tsakar rana, in kowa ya fita cin abinci, sai ya rufe sito ta ciki, ya sauko da Tayelolu, ya goge ta, ya shafa mata mai, ya dangwala mata wake, ya ba ta labarin gida. Sauran ya cinye tas ya wanke kwanon, don kada ɓera ya ji ƙanshi. Shekara ashirin da shida ana haka. Matar ba ta tambaya ba, mijin bai faɗa ba, suka bar kaza cikin gashinta.

Farfesa ya rasu, shugabanni suka zo suka tafi, ba wanda ya taɓa ƙirga kanta ta uku, don wa zai ƙirga abin da ke hannun Baba Sito? Sai ga Dakta Morenike. A Legas ta girma, a waje ta yi karatu, tana tafiya kamar an biyo ta, kuma ta zo da tallafi daga wata gidauniya don a sa duk kayan gidan a kwamfuta. Kowane abu za a ɗauke shi hoto ta fuska shida, a haɗa hoton da katinsa, a ɗora a intanet, wanda ke bangon duniya ma ya gani. Bayan hoto kuma ba sauran zama a kanta. Kowane abu zai shiga akwatinsa a kan soso, a ɗaki mai sanyi, ba mai taɓawa sai da safar hannu. Tana girmama Baba Sito, ba ta taɓa ce masa kai ba sai ku, amma ba ta yarda da abin da ke cikin kan mutum ba sai ta gan shi a rubuce.

Mai ɗaukar hoton Sikiru ne, ƙaton mutum mai tumbi da ya shekara ashirin yana hoton biki kafin jami'a ta ɗauke shi. Halin biki bai sake shi ba. Zai ɗora tukunya a kan farin ƙyalle, ya daidaita fitilu, ya ce mata, "Amarya, ɗan juyo. Yauwa. Kar ki motsa."

Baba Sito ya san abin da ke tafe. Kullum yana cewa gobe zai san yadda zai yi, don an tsara zane-zanen bango ne farko, sassaƙa sai ƙarshe. Amma manyan fitilun da ake jira don zanen suka maƙale a hanya, Dakta ta juya tsarin, ranar wata Juma'a da safe aka wayi gari a kanta ta uku. Mutumin da yakan gaya wa ɗalibai ba a fafe gora ranar tafiya, ga shi da gora a hannu mota tana hon. Shi da kansa ya riƙa miƙa wa Sikiru su ɗaya bayan ɗaya, da hannu biyu. Duk a bushe suke, fitila ta kwanta a jikinsu lafiya. Da aka zo kan Tayelolu, wadda ta sha mai jiya-jiyan nan, Sikiru ya danna ya duba, ya sake dannawa ya duba.

"Kai! Wannan amaryar ta sha kwalliya. Dakta, zo ki ga ikon Allah, fitila ta ƙi zama a jikinta, sai walƙiya take."

Dakta ta zo ta tsaya gaban kwamfuta ta faɗaɗa hoton, har bakin Tayelolu ya cika allon. A gefen leɓe ga ɗan jan manja bai ko bushe ba. Ta gangara ƙugu, ga jigida a sabon zare. Ta koma kan katunan ta ƙirga, ta ƙirga na kan tebur.

"Kati arba'in, ibeji arba'in da ɗaya. Baba, kun san wannan?"

"Kayan da yawa, Dakta," in ji shi, yana duban ƙasa.

Wannan ce ƙaryarsa ta farko a gidan, kuma ba ta ko yi kyau ba. Dakta ta dube shi na ɗan lokaci, sannan ta ce doka a fili take: abin da aka tarar a sito ba kati, sabuwar lamba ake ba shi, ya zama na jami'a. Ran Litinin za ta rubuta lambar da tawada a tafin ƙafar. Baba Sito ya dubi Tayelolu a kan tebur. Yana sane da abin da lamba ke nufi, shi ya fi kowa sani. Abin da ya samu lamba ba ya fita, kuma shi nan da wata uku zai fita.

Da rana Sikiru ya ja shi rumfar mai amala, ya bari sai da aka zuba musu miya sannan ya sunkuyo.

"Baba Sito, ni fa ƙanen tagwaye ne, Idowu ake ce mini a gida. Manjan nan na jiya ne. Itace ba ya tashi ya je ya ɗebo wake da kansa."

Baba Sito ya ci gaba da mulmula loma ɗaya. Can ya ce, "Tayelolu ce."

"Allah sarki. Ina gaisuwa." Sikiru ya taɓa ƙirji. "To ai abu mai sauƙi ne. Jefa ta a jakar kyamarata, mai gadi tsoronta yake, gani yake in ya taɓa za a ce ya biya. Hoton kuma in goge, in ce kwamfuta ce ta cinye. Kullum tana cin abu, wa zai yi musu?"

"Dakta ta ƙirga."

"Dakta ta yi kuskure. Masu karatu ba sa kuskure ne?"

"Sikiru, na gode. Amma 'yar'uwata ba za ta fita ta ƙofar ɓarayi ba. Ni na sa a riƙa binciken jaka a gidan nan."

"To sai ka zauna da gaskiyarka, ta ci kai ta ci ita."

Ran Litinin tun kafin Dakta ta ajiye jakarta ya shiga ofis, ya cire hula, ya faɗa mata komai a tsaye, daga ƙyanda har zuwa ƙaramin kwano. Ba ta katse shi ba. Da ya gama abin da ta fara cewa shi ne, "Abinci a sito, Baba? Shekara ashirin da shida? Da ƙwari sun shiga zannuwan nan fa?" Ya ce ko tururuwa ba ta taɓa shiga ba, ta je ta duba. Ta san gaskiya ne, don ta riga ta duba. Ta zauna ta dafe kai. Kakarta ma tana da irin wannan a ƙarƙashin gado, ba ta san inda ta shiga ba bayan rasuwarta.

"Hanya biyu ce, Baba. In kun ce taku ce, na yarda, in rubuta takarda ku fita da ita ta gaban mai gadi da rana tsaka, in cire hotonta. In kuma kun bar ta, ku sa hannu kun ba jami'a kyauta har abada. Ba mai, ba bula, ba wake. In kuna son ganinta ku cike fom kamar kowa. Ku yi tunani har ƙarshen wata."

Sai ya zama gaba kura baya sayaki. Ya fita da ita ya kai ta ina? Gidansu na Okeho yana hannun wani ɗan baffansa da ya sayar da ginshiƙan zaure ma, balle 'yar siffa mai shiga aljihu. Bose tana Kanada, ɗansa na biyu yana karatun zama fasto, autan kuwa wayarsa ce uwarsa da ubansa. Ko da an bar shi ya ajiye ta a gida, shekara nawa suka rage masa? Yana rufe ido za a kira dillali, ko a kira masu addu'a da ashana. Da safe ya tsaya gaban arba'in ɗin nan da ya shekara yana gaisarwa. Kowace a cikinsu an taɓa kiranta da suna, an taɓa dafa mata wake, ga shi yanzu katinta yana cewa ba a sani ba. Wannan tunanin ya fi komai tsorata shi.

Duk da haka ya ce bari ya taɓa gida tukuna. Mutumin da ya yi shekara ashirin da shida yana jiran lokacin da ya dace, sai ya zaɓi safiyar Lahadi, Iya Bose tana gaban madubi tana fama da ɗaurin kallabi ya ƙi tsayuwa, ga motar coci tana jira.

"Aduke, zancen Tayelolu ne..."

"Baba Bose, kar ka fara. Yau Lahadi. Miƙo mini fil ɗin can."

Ya miƙa mata fil. A wajensa magana ta ƙare ke nan, bai sake tayar da ita ba.

Ranar ƙarshen wata ya sa fararen kayansa na coci ya zo aiki. Dakta ta buɗe sabon shafi a kwamfuta, Sikiru yana jingine da ƙofa. Baba Sito ya ɗora Tayelolu a kan cinyarsa, ya ce yana da sharaɗi biyu. Na farko, ba za a yi mata rubutu a tafin ƙafa ba, a rubuta lambar a 'yar takarda a ɗaura a jigidarta. Na biyu, inda ake sa ba a sani ba, a bar shi ya cike da bakinsa.

"Na yarda. Masassaƙi?"

"Adigun, na unguwar Isemi, Okeho. Bahago ne, ki rubuta. Shi ya sa kunnenta na dama ya fi girma."

"Mai ita?"

"Abeo Ojelabi, mai sayar da kamu. Bayanta ɗanta."

"Suna?"

"Tayelolu Ojelabi."

"Wace shekara ta ra..."

Sikiru ya yi wani irin tari kamar ƙashi ya maƙale masa. Dakta ta ciji leɓe.

"Ku yi haƙuri, Baba. Wace shekara ta tafi?"

"Alif ɗari tara da sittin da biyu, da damina. Legas, sayen zane."

Haka ta rubuta, ba ta canza ko kalma ba. Ya ba da labarin fuskar, yadda yatsa biyu suka cinye ta, na uwa da na ɗa. Shafinta ya fi na kowane abu a gidan tsawo, har ya fi na babbar ƙofar fada da ake taƙama da ita. Aka miƙo masa takardar kyauta ya sa hannu a wuri uku. Dakta ta bar musu ɗakin shi da ita na rabin awa, ya yi mata wankan ƙarshe. Ya goge man tas yadda aka ce, Sikiru ya dawo ya ɗauke ta fuska shida, wannan karon fitila ta kwanta. Bai ce mata amarya ba, Anti ya ce mata.

Bikin ritayarsa bai ɗau awa ɗaya ba. An sha lemo, an ba shi agogon bango, shugaban tsangaya ya yi jawabi ya kira shi da sunan wani. Ya miƙa makulli ga sabuwar mai kula da sito, wata mata mai digiri biyu da ladabi.

Alhamis ta farko bayan nan ya tashi da wuri kamar mai zuwa aiki. Da ya fito ya tarar da ƙaramin kwanon a kan tebur, da zafinsa, a ɗaure cikin leda yadda aka saba. Iya Bose tana ta share tsakar gida ta ba shi baya. Ya ɗauka ya fita.

A ƙofar gidan mai gadin da suka yi shekaru suna gaisawa ya tashi ya rusuna, sannan ya nuna sabon allo: ba a shiga da abinci. Ya karɓi kwanon ya ajiye masa a ƙarƙashin benci. A ciki aka ba shi fom. Inda aka ce dalilin ziyara ya rubuta gaisuwa. Inda aka ce lambar abin da ake son gani ya rubuta ta da ka, don lamba ba ta taɓa ɓace masa ba. Sabuwar mai kula da sito ta kawo masa farar safar hannu, ta shigar da shi ɗakin sanyi, ta sauko da akwati ta buɗe, ta koma gefe ta tsaya, don doka ta ce a tsaya. Tayelolu tana kwance a kan soso, ita kaɗai a akwatinta, sauran arba'in kowa a nasa. Ya ɗauko ta da hannu biyu. Ya kai babban yatsansa kan fuskarta, inda ya saba bi, ya bi sau ɗaya, ya bi sau biyu, bai ji komai ba sai auduga. Ya yi niyyar ba ta labarin bikin da agogon, amma ga mutum a tsaye. Ya ce mata dai yana lafiya.

Yana fita Dakta ta tare shi da murna, ta karɓi wayarsa ta buɗe masa shafin. Ga ta nan, gaba da baya da gefe, da sunanta a sama da manyan baƙaƙe. Ta ce har wani malami daga Brazil ya rubuto yana tambaya a kanta. Baba Sito ya yi godiya. Abin da ya dame shi shi ne sanyin ɗakin, don tun suna yara ba ta son sanyi, in ji uwarsu.

Kafin la'asar yana gida. Ya ajiye kwanon a kan tebur ya zauna ya cire takalmi. Iya Bose ta dawo daga shago, ta ɗauki kwanon za ta kai wanki, sai ta ji nauyi. Ta kwance ledar ta buɗe murfin. Waken yana nan yadda ta zuba shi, manja ya daskare a sama. Shekara ashirin da shida kwanon nan wankakke yake dawowa.

"Ba ta ci ba?"

Ya ɗago ya dube ta. Bai taɓa jin ta yi maganar Tayelolu kamar ana maganar mutum ba.

"Ba a shiga da abinci yanzu."

"To wa ke ba ta?"

"Ba kowa."

Ta tsaya da kwanon a hannu. Ta duba ƙofa kamar matan coci suna bayanta, ta gyara ɗaurin zane, ta rage murya.

"Wane irin zalunci ne wannan, a rufe yarinya ba ci ba sha? Kai kuma ka zuba ido, babban banza. Ka je gobe ka ɗauko ta. Ɗakin Bose ba kowa ciki, ka ajiye ta can saman kabad. Ba sai kowa ya sani ba."

Baba Sito ya dubi agogon da aka ba shi, wanda ko batir ba a sa masa ba tukuna.

"Ta riga ta samu lamba, Aduke."

Ba ta san sha'anin sito ba, amma ta yi shekara talatin da wani abu tana auren mai makullinsa, ta san abin da ya samu lamba ba ya fita. Ta ja kujera ta zauna. Can ta tashi ta kai waken kan wuta ta ɗumama, ta dawo da cokali biyu.